Musayar Iska da Numfashi a Jikin Ɗan Adam da Tsirrai: Misalai daga Dutse da Kewayenta

1.0 GABATARWA

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda iska take shiga jikin mai rai da yadda take fita, watau a jikin ɗan adam da kuma a jikin tsirrai, tare da nuna cewa ƙa'ida ɗaya ce take tafiyar da al'amarin a wuraren biyu. Darasin yana cikin manhajar kimiyyar halittu ta makarantun sakandare da ta kwalejojin ilmi. Sai dai sau da yawa ɗalibi yakan haddace sunayen sassan huhu da na ganye cikin Ingilishi, har ya ci jarrabawa, ba tare da ya gane cewa abin da ya haddace shi ne yake gani kullum a gonar mahaifinsa da madafar mahaifiyarsa ba. Wannan ya sa aka zaɓi a yi bayanin da Hausa, a kuma ɗauko misalai daga Dutse da garuruwan da suke kewaye da ita, kamar Kiyawa da Jahun da Miga da Ringim.

Wannan yanki kuwa ya dace da irin wannan nazari ƙwarai. Jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano ran 27 ga Agusta, 1991, ta samo sunanta ne daga jigayi, watau tuddan rairayi, kuma a gefen jigayin ga fadamun Kogin Haɗeja masu laka. Da hunturu hazo yakan rufe sama, da damina kuma ruwa yakan kwanta a gonaki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa tasiri a kan numfashin mutum ko na shuka, kamar yadda za mu gani.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

A Hausa kalmar numfashi ita kaɗai take ɗauke da abubuwa uku waɗanda masana kimiyya suka rarrabe, don haka ya wajaba mu rarrabe su tun daga farko.

(a) Shaƙa da fitarwa: watau motsin ƙirji da yake jawo iska cikin huhu ya kuma tura ta waje. Wannan shi ne abin da ido yake gani, kuma tsirrai ba su da shi.

(b) Musayar iska: watau ƙetarewar iskar oksijin daga waje zuwa cikin jiki, da ƙetarewar iskar kabon-dayoksaid daga cikin jiki zuwa waje, ta wani tantani mai laushi.

(c) Ƙona abinci: watau aikin da kowace ƙwayar halitta take yi na haɗa sukari da oksijin domin ta sami ƙarfi, inda kabon-dayoksaid da ruwa suke zama saura. Mutum da dabba da tsiro duk suna yin wannan, dare da rana.

Na ukun shi ne manufa, na farko da na biyu kuwa hidima suke yi masa. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari naitirojin ne, kashi 21 oksijin, kabon-dayoksaid kuwa kimanin 0.04 kawai. Wadda muke fitarwa oksijin ɗinta ya ragu zuwa wajen kashi 16, kabon-dayoksaid ya hau zuwa wajen kashi 4. Ashe ke nan ba dukan oksijin jiki yake kwashewa ba, shi ya sa hura iska a bakin wanda numfashinsa ya tsaya take iya ceto shi.

3.0 SHARUƊƊAN WURIN MUSAYAR ISKA

Babu wani famfo a jikin mai rai da yake ɗaukar oksijin ya cusa shi cikin jini ko cikin ƙwayar ganye. Iskar da kanta take bazuwa daga inda ta yi yawa zuwa inda ta yi ƙaranci, kamar yadda ƙamshin turaren wuta yake cika ɗaki ko da ba a yi fifita ba. Wani masani Bajamushe mai suna Adolf Fick shi ya tsara ƙa'idar wannan bazuwa a 1855. Daga ƙa'idar tasa ake fitar da sharuɗɗan da kowane wurin musayar iska yake bukata:

(i) Faɗi: gwargwadon faɗin wuri, gwargwadon iskar da za ta ƙetare.

(ii) Rashin kauri: bazuwa tana da sauri a ɗan taƙi, amma tana da nawa ainun idan tazara ta yi tsawo.

(iii) Danshi: tantanin rayayye ne, kuma sai iska ta narke cikin ruwa kafin ta ratsa shi. In ya bushe, ya mutu.

(iv) Bambancin yawa tsakanin ɓangarorin biyu: dole a riƙa kawo sabuwar iska a gefe ɗaya, ana kuma kwashe wadda ta ƙetare a ɗaya gefen, in ba haka ba musaya ta tsaya.

A nan wata matsala take tasowa ga duk halittar da take zaune a tudu. Wuri mai faɗi, marar kauri, mai danshi, shi ne kuma wurin da ruwa ya fi saurin ƙafewa, kamar dai yadda wankin da aka baza ya fi wanda aka dunƙule saurin bushewa. Mafitar da mutum da tsiro suka samu iri ɗaya ce: an ɓoye wurin musayar a cikin jiki, aka bar masa 'yar ƙofa zuwa waje. A jikin mutum hanci ne ƙofar, a jikin ganye kuwa wasu ƙofofi ne da ido ba ya gani.

4.0 NUMFASHIN ƊAN ADAM

4.1 Hanyar iska

Iska tana shiga ta hanci, inda gashi yake tare manyan ƙwayoyin ƙura, tantanin ciki kuma yake ɗumama ta ya jiƙa ta. Daga nan sai ta bi maƙogwaro, wanda yake da wani ɗan murfi mai rufewa lokacin haɗiya. Idan murfin ya makara, shi ne mutum yake ƙwarewa. Ƙasa da maƙogwaro akwai babban bututun iska, wanda zobban guringuntsi suke riƙe da shi don kada ya lotse. Bututun ya rabu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowane reshe kuma ya yi ta rabuwa biyu biyu har kimanin sau 23, tamkar itacen da aka juya kansa ƙasa. Bangon waɗannan rassa yana fitar da majina mai kama ƙura da ƙwayoyin cuta, wasu 'yan gasu ƙanana kuma suna kaɗa ta zuwa sama ba dare ba rana, har a haɗiye ta ko a tofar.

4.2 Zugazugin ƙirji

Huhu ba shi da tsokar da zai motsa kansa. Ƙirji ne yake aiki kamar zugazugin maƙeri. A ƙasan huhu akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka mai siffar ƙwarya a kife, wadda ta raba ƙirji da ciki. Za mu kira ta shamakin ƙirji. Idan ta tsuke sai ta sauka ƙasa, tsokokin da suke tsakanin haƙarƙari kuma su ɗaga shi sama da waje. Ƙirji ya ƙara girma ke nan, matsin iskar ciki ya faɗi ƙasa da na waje, sai iska ta kwararo ciki. Idan tsokokin suka saki, huhu yakan koma yadda yake kamar roba, ya tura iskar waje. Baligi mai hutawa yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti, yana shaƙar kimanin rabin lita kowane karo, abin da ya tasam ma lita 10,000 a yini da kwana. Abin da yake tunzura wannan aiki kuwa shi ne taruwar kabon-dayoksaid a jini, wadda gindin ƙwaƙwalwa yake aunawa. Shi ya sa manomi mai huɗa yake haki ba da niyyarsa ba: tsokokinsa suna ƙona abinci da yawa, saurar kuma ta taru.

4.3 Jakunkunan iska

A ƙarshen kowane siririn reshe akwai tarin 'yan jakunkuna kamar nonon inabi. A nan ake musayar. Binciken da aka yi a 2004 ya ƙiyasta yawansu a huhun baligi da kimanin miliyan 480, kuma da za a baje su, faɗinsu zai kai tsakanin murabba'in mita 70 da 140, watau ya fi filin ɗakuna da dama. Kowace jaka tana lulluɓe da sirarun hanyoyin jini, kuma tazarar da take tsakanin iska da jini, a wurare mafi siranta, ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Duk wanda ya taɓa sayen huhu a wurin mahauta ya san rashin nauyinsa da yadda yake tasowa a kan ruwa. Waɗannan jakunkuna ne dalili.

Oksijin yakan narke a danshin jakar, ya ratsa zuwa jini, inda wani jan sinadari mai suna himogulobin yake kama shi. Zuciya kuma tana kwashe jinin nan take ta kawo wani, don haka sharaɗi na huɗu ya cika. Kabon-dayoksaid yana bin hanyar ta baya. Tun kafin a ga waɗannan abubuwa da ido, Ibn al-Nafis, likitan Alƙahira wanda ya rasu a 1288, ya bayyana cewa jini yana barin ɓangaren dama na zuciya ya ratsa huhu ya gauraya da iska kafin ya koma ɓangaren hagu. Sai a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya ga sirarun hanyoyin jinin a huhun kwaɗo ta madubin ƙara girma.

Abubuwa biyu ya kamata a lura da su a nan. Na farko, cikin jakunkunan akwai wani maiƙo mai hana bangonsu mannewa, kuma sai a ƙarshen goyon ciki jariri yake samar da isasshensa. Wannan ne ya sa bakwaini yake wahalar numfashi. Na biyu, huhu yana iya zama lafiya lau amma jiki ya rasa oksijin idan himogulobin ya yi ƙaranci, kamar yadda yake faruwa ga yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, ko mai ciwon sikila.

5.0 MUSAYAR ISKA A TSIRRAI

5.1 Ganye

Tsiro yana da ayyuka biyu da suka shafi iska. Yana ƙona abinci dare da rana kamar mu. Da rana kuma koren ganye yana haɗa abinci daga kabon-dayoksaid da ruwa da ƙarfin hasken rana, yana sakin oksijin. Joseph Priestley na Ingila ya nuna a 1771 cewa reshen na'ana'a yana gyara iskar da kyandir ya ɓata, Jan Ingenhousz kuma ya gano a 1779 cewa sai da haske hakan yake faruwa. Da rana haɗa abinci ya rinjayi ƙona shi, don haka ganye yana shan kabon-dayoksaid yana ba da oksijin. Da dare al'amarin ya juya.

Fatar ganye tana da maiƙo mai hana ruwa fita. A cikinta akwai 'yan ƙofofi, sau da yawa fiye da ɗari a faɗin da bai wuce kan allura ba. A ganyen mangwaro suna ƙasa ne, inda rana ba ta duka. A gero da dawa suna sama da ƙasa. A bado kuwa, da yake kwance yake a kan ruwa, suna sama. Bayan ƙofar akwai ƙwayoyin halitta a warwatse kamar soso, da sarari a tsakaninsu, bangonsu kuma a jiƙe. Wannan bango shi ne takwaran jakunkunan huhu. Ganye bai bukaci zugazugi ko jini ba, domin shi falle ne, babu ƙwayar da take nesa da iska.

Kowace ƙofa tana da ƙwayoyi biyu da suke gadinta, waɗanda a yawancin tsirrai suke da siffar wake. Idan gari ya waye sukan tara sinadarin fotashiyam, ruwa ya biyo shi, su kumbura su lanƙwashe, ƙofa ta buɗe. Idan suka rasa ruwa sai su saki, ƙofa ta rufe. To, a nan tsiro yake shiga tsaka mai wuya. In ya buɗe ƙofa don ya sami kabon-dayoksaid, ruwa ya tsere, har ɗaruruwan ƙwayoyin ruwa a madadin ƙwaya ɗaya ta kabon. In ya rufe don ya tsare ruwa, abinci ya tsaya. Idan ruwan sama ya ɗauke a tsakiyar damina, aka ga ganyen dawa ko masara ya nannaɗe da tsakar rana, tsiron yana rage fuskar da take asarar ruwa ne, kuma a kwanakin nan girmansa ya ragu.

Gero da dawa da masara da rake suna da wata dabara da masana biyu, Hatch da Slack, suka fayyace a Ostareliya a 1966. Suna kama kabon-dayoksaid su tara shi a ƙwayoyin da suke kewaye da jijiyoyin ganye, don haka ko da ƙofofinsu ba su buɗe sosai ba suna samun abin da ya ishe su. Ruwan da suke kashewa wajen yin awo ɗaya na abinci bai wuce kamar rabin na shinkafa ko alkama ba. Ashe manoman da suka ba gero jigawa suka ba shinkafa fadama sun yi daidai da abin da madubi ya nuna daga baya. Kuka kuwa takan zubar da ganyenta da rani, ta rufe dukan ƙofofinta ke nan har ruwa ya sauko. Gawo shi yakan saɓa, ya yi ganye da rani saboda saiwarsa ta kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa.

5.2 Saiwa da kara

Saiwa ba ta ganin rana, don haka ba ta samar da oksijin, amma tana bukatarsa. Tana samunsa ne daga iskar da take tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Rairayin jigawa yana da manyan kafofi, iska na yawo a cikinsa. Laka kuwa kafofinta ƙanana ne, da zarar ruwa ya kwanta sun toshe. Bazuwar oksijin a cikin ruwa ta fi ta cikin iska nawa har kimanin sau 10,000. Saboda haka idan ambaliya ta kwanta a gona, irin wadda ta auka wa ƙananan hukumomin bakin Kogin Haɗeja a 2022, saiwa da ƙananan halittun ƙasa sukan cinye ɗan oksijin da ya rage cikin kwana ɗaya ko biyu. Saiwar da ta rasa ƙarfi ba ta iya jan ruwa da taki, sai a ga abin mamaki: wake ko riɗi yana tsaye cikin ruwa amma ganyensa ya yi rawaya ya yi yaushi. Shuka a kan kunya da sassauta ƙasa da fartanya duk hanyoyi ne na ba saiwa iska.

Shinkafa ta tsira daga wannan domin a cikin karanta da saiwarta akwai wasu hanyoyi kamar bututu da suke kai iska daga ganye har ƙasa. Muddin kanta yana waje tana numfashi, amma idan ruwa ya shanye ta ɗungum fiye da mako guda yawancin iri sukan mutu. Wannan ya sa aka fitar da iri biyu a Nijeriya a 2017, FARO 66 da FARO 67, waɗanda sukan dakatar da girma su yi tattalin abincinsu, su jure nutsewa har wajen mako biyu. Kacala, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a kwarin Haɗeja bayan gina madatsun Tiga da Challawa, ita ma da irin waɗannan bututu take rayuwa. Daga nan aka gane cewa in za a yanke ta a yanke ta ƙasa da fuskar ruwa, domin ruwa ya cika bututun, tushen ya shaƙe. Dabino, wanda Dutse ta shahara da shi har cibiyar NIFOR take da tashar bincikensa a garin, yana da 'yan saiwoyi a gindinsa masu fuskantar sama, da kafofin iska a cikinsu.

Akwai kuma wani abu da zai ba ɗalibi sha'awa. Idan aka tuge gyaɗa ko wake aka fasa ƙullutun da suke jikin saiwa, za a ga cikinsu ja-ja. Wannan launi na wani sinadari ne ɗan'uwan himogulobin, wanda yake kai oksijin daidai gwargwado ga ƙwayoyin da suke samar wa tsiron takin naitirojin, domin in ya yi musu yawa aikin ya lalace.

6.0 ABUBUWAN DA SUKE TAUYE NUMFASHI A YANKIN

6.1 Hazo da ƙura

Yawancin hazon hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso shi. Manyan ƙwayoyinsa hanci da majina suna tare su. Ƙananan kuwa, waɗanda ba su kai maikiron 2.5 ba, suna isa har cikin jakunkuna. Busasshiyar iskar tana kuma busar da majina, 'yan gasun nan su kasa share hanya, shi ya sa mura da tari da asma suke ƙaruwa a lokacin. Ƙurar da ta fi wannan haɗari ita ce ta fasa dutse. Duwatsun da garin Dutse ya samo sunansa daga gare su suna ɗauke da ma'adinin silika, wanda in ya shiga jaka ba ya narkewa. Jiki yakan kewaye shi da tabo, tantani ya yi kauri, huhu ya yi tauri. Ciwon yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana, ba ya warkewa, yana kuma buɗe wa tarin fuka hanya. Jiƙa dutse da ruwa lokacin aiki da sa takunkumi na ainihi su ne rigakafi. Ƙyalle a hanci ba ya tare ƙananan ƙwayoyin.

6.2 Hayaƙi

Matan da suke girki da itace ko kara a rufaffiyar madafa, da goyo a bayansu, su suka fi kowa shaƙar hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta jawo mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya a 2020. Hayaƙi yana kashe 'yan gasun bututu, yana kuma cinye bangon jakunkuna har su haɗe su zama manya, faɗin wurin musaya ya ragu. Taba ma haka take yi.

Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da sanyi, ko janareta a zaure, suna fitar da kabon-monoksaid. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma himogulobin yana riƙe shi fiye da yadda yake riƙe oksijin sama da sau 200. Mai barci yakan zarce ba tare da ya farka ba. A nan ya kamata a gyara wata fahimta da ɗalibai sukan zo da ita, cewa kwana a gindin itace yana da haɗari domin itace yana fitar da kabon-dayoksaid da dare. Gaskiya ne yana fitarwa, amma a fili iska tana kwashe shi nan da nan. Haɗarin yana cikin ɗakin da aka toshe tagoginsa aka bar garwashi.

6.3 Ciwon huhu na yara

A ciwon nimoniya, wanda jama'a sukan kira ciwon haƙarƙari, jakunkuna suna cika da ruwa da mugunya, sharaɗin faɗi da na rashin kauri duk sun rushe. Yaro yakan yi ƙoƙarin cike giɓin da saurin numfashi, kuma wannan alama ce da uwa take iya ƙirgawa. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 a minti ga jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 5. Idan kuma ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki lokacin shaƙa, to sai asibiti ba jinkiri. Akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa mai auna oksijin jini. In ya gaza kashi 90 cikin ɗari yaro yana bukatar a sa masa oksijin. A shekarun 2021 da 2022 an gudanar da babban bincike a Ƙaramar Hukumar Kiyawa, da haɗin gwiwar ƙungiyar Save the Children da Jami'ar Ibadan da wasu, kan wannan ciwo, inda aka haɗa wayar da kan jama'a da samar da irin wannan na'ura a ƙananan asibitoci.

6.4 Rijiya da buhu

Kabon-dayoksaid ya fi iska nauyi kimanin sau ɗaya da rabi, don haka yakan kwanta a gindin tsohuwar rijiya. Mai yasa yana iya faɗuwa sumamme cikin ɗan lokaci, wanda ya bi shi ceto ba igiya kuma ya same shi a can. Zura fitila mai ci kafin a shiga tana nuna ƙarancin oksijin in ta mutu, amma ba ta nuna guba, kuma ba a gwada ta a ramin masai saboda iskarsa tana iya kamawa da wuta. Injin jan ruwa mai amfani da fetur bai kamata a saukar da shi cikin rijiya ba.

Wannan ƙa'ida da take kisa a rijiya ita ce kuma take tsare wake a rumbu. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, leda biyu ne cikin buhu ɗaya, kowanne a ɗaure tam. Ƙwarin da suke cikin waken su suke shanye oksijin da kansu, sai su daina ci da haihuwa, su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Sharaɗinsa wake ya bushe sarai, leda kuma kada ta huje.

7.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa jakar huhu da bangon ƙwayar ganye da fatar saiwa duk sharuɗɗa huɗu suke bi: faɗi, rashin kauri, danshi, da bambancin yawa. Mun kuma ga cewa kowace cuta ko asara da muka ambata tana komawa ga rushewar ɗaya daga cikinsu. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan huɗu yana iya warware tambayar da ba a taɓa koya masa ba.

Saboda haka ana ba malamai, musamman masu horar da malamai a kwalejojin ilmi irin ta Gumel, waɗannan shawarwari:

(1) A fara darasin da sharuɗɗan kafin sunayen sassa.

(2) A yi gwaji da abin da yake kusa: a hura huhun rago da aka samo daga mahauta, a hura karan kacala ko na bado cikin ruwa a ga kumfa, a ɗaura leda a reshen darbejiya a ga ruwan da zai taru, a shafa jan farce marar launi a bayan ganye, a ɓare shi in ya bushe, a duba ƙofofin a madubi.

(3) A koya wa kowane ɗalibi ƙirga numfashin yaro da agogo, a kuma sa shi ya haddace lambobin nan uku, 60 da 50 da 40.

(4) Masana harshe da na kimiyya su zauna tare su daidaita kalmomin wannan fanni. Waɗanda aka yi amfani da su a nan, irin su shamakin ƙirji da jakunkunan iska da ƙofofin ganye, shawara ce kawai, ana kuma fatan mahalarta wannan taro za su tattauna a kansu, su gyara inda ya kamata.